Shin gwamnatin Amurka ce ta kai wa kanta harin 11 ga Satumba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. A majalisarmu duk ranar da aka tayar da zancen harin 11 ga Satumba 2001 sai gardama ta kaure. Abokaina sun dage cewa gwamnatin Amurka ce ta shirya abin da kanta don ta sami hujjar mamaye ƙasashen Musulmi. Suna cewa man jirgi ba ya narkar da ƙarfe, akwai bene na uku da ya rushe alhali jirgi bai taɓa shi ba, kuma Yahudawa 4,000 sun ƙi zuwa aiki a ranar. In na musa sai su ce ni ɗan koren Turawa ne. Don Allah mece ce gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Hujjojin da ke hannu ba su nuna gwamnatin Amurka ce ta shirya harin ba. Ƙungiyar Alƙa'ida ce ta tsara shi, mutanenta 19 suka aiwatar ta hanyar sace jiragen sama, suka kutsa biyu daga ciki cikin tagwayen dogayen benaye na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York, 15 daga cikinsu 'yan Saudiyya, aka kashe mutum 2,977. Sai dai kada ka koma majalisa ka ce wa abokanka duk zancensu shirme ne, domin ba haka kawai mutane suka daina yarda da gwamnatoci ba.

Gwamnatoci sun sha kai hari su ɗora wa wasu, wannan ba jita-jita ba ne. A 1954 sashen leƙen asiri na sojan Isra'ila ya sa wasu matasa Yahudawan Masar dasa ƙananan bama-bamai masu tayar da gobara a ɗakunan karatu na Amurka da gidajen silima a Alƙahira da Iskandariyya, don a zargi 'yan ƙasar, a ɓata tsakanin Masar da Turawan Yamma. Asirin ya tonu ne a ƙofar wani gidan silima a Iskandariyya, inda bom ya kama da wuta a aljihun ɗaya daga cikinsu tun bai shiga ba. Aka kama shi, aka bi sawun sauran, Masar ta rataye biyu, ministan tsaron Isra'ila Pinhas Lavon ya sauka daga muƙaminsa. A 1985 jami'an leƙen asirin Faransa suka nutsar da jirgin ruwan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace a tashar Auckland ta New Zealand, wani mai ɗaukar hoto ya mutu. Faransa ta yi ta musantawa, amma 'yan sandan New Zealand sun riga sun cafke jami'anta biyu da suka shigo da fasfon bogi a matsayin mata da miji 'yan Suwizalan. Kafin wata uku ministan tsaron Faransa ya yi murabus, firaminista ya fito ya amsa. Ita kanta Amurka, a watan Maris 1962 manyan hafsoshinta sun rubuta shawarar a ƙirƙiri hare-hare a ɗora wa Kuba don a sami dalilin yaƙi. Gwamnatin Kennedy ba ta amince ba, takardar kuma ta fito fili a 1997.

Ka lura da abin da ya haɗa waɗannan. Mutane kaɗan ne a cikin kowane shiri, amma duk da haka bai ɓoyu ba. An kama wani da hannu dumu-dumu, ko an ga takarda mai sa hannu, ko minista ya rasa kujera. Irin wannan shaidar nake nema kafin in ce gwamnati ta aikata. Shirin da abokanka ke bayyanawa kuwa, wato a ce da nakiya aka rusa benayen, sai ya haɗa dubban mutane, masu dasa nakiya da ma'aikatan filayen jiragen sama da injiniyoyi da likitocin da suka tantance gawarwaki, a ƙasar da sirrin azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraki ya fashe cikin watanni, kuma ma'aikaci guda, Edward Snowden, ya kwashe takardun leƙen asiri ya baza wa duniya a 2013. Sama da shekara 20 ke nan babu takarda ɗaya ko mutum ɗaya daga ciki da ya fito da shaidar dasa nakiya.

Zancen ƙarfe shi ne ya fi yawo, kuma rabinsa gaskiya ne. Wutar man jirgi ba ta kai zafin da ƙarfen gini ke narkewa ba, wato wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas. Amma ba a buƙatar ya narke. Je ka tsaya wurin maƙeri ka gani: yana tura ƙarfe cikin gawayi, yaro na zuga, da ya yi ja sai ya zaro shi da awartaki ya lanƙwasa shi yadda ya so, alhali ko ɗigo bai narke ba. Ƙarfen gini in ya kai wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Jiragen sun riga sun datse ginshiƙai da yawa a lokacin da suka kutsa, sun kuma kankare abin kariyar wuta da aka fesa wa ƙarafunan. Man jirgin ya ƙone cikin 'yan mintuna, amma ya kunna duk abin da ke ofisoshin, takardu da kujeru da darduma, a hawa da yawa lokaci guda. Daɓen benayen ya saki, ya janyo ginshiƙan waje zuwa ciki, nauyin da ke sama ya rufto. Akwai abin da kowa zai iya dubawa da idonsa a bidiyon ranar: rushewar ta fara ne daidai inda jiragen suka shiga, ba daga ƙasa ba kamar yadda masu rusa gini da nakiya ke yi. Benen kudu shi aka buga na biyu, da ƙarfe 9:03, amma shi ya fara faɗuwa bayan minti 56, domin an same shi ƙasa-ƙasa, nauyin da ke bisa raunin ya fi yawa. Na arewa da aka buga can sama ya yi minti 102 a tsaye.

Bene na uku, wanda ake kira Gini na 7, mai hawa 47, ya cancanci tambaya, ban ga laifin wanda ya yi mamakinsa ba. Jirgi bai buge shi ba, amma ɓaraguzan benen arewa sun afka masa sun tayar da gobara a hawa da dama. Bututun ruwan unguwar sun fashe, na'urorin yayyafa ruwa na hawan ƙasa ba su yi aiki ba, wutar ta ci kusan awa bakwai babu mai kashewa. Tun da rana 'yan kwana-kwana suka ga ginin ya kumbura ta gefe, suka janye mutanensu suka killace wurin, shi ya sa da ya faɗi da ƙarfe 5:20 na yamma bai kashe kowa ba. Binciken da NIST, hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka, ta fitar a 2008 ya nuna zafi ne ya sa ƙarafunan daɓe suka miƙe suka ture wani gungumen ƙarfe daga mazauninsa, ginshiƙi ɗaya mai ɗauke da nauyi mai yawa ya karye, cikin ginin ya zube kafin bangon waje ya biyo baya.

Maganar Yahudawa 4,000 kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ka faɗa musu haka ba tare da kwana-kwana ba. Tashar talabijin ta Al-Manar a Labanan ce ta yaɗa ta kwanaki kaɗan bayan harin. Sunayen mamatan suna rubuce a wurin tunawa da su a New York, ana karanta su ɗaya bayan ɗaya kowace shekara. Akwai ɗaruruwan Yahudawa a ciki, akwai 'yan ƙasar Isra'ila biyar, akwai kuma Musulmi da dama da suka fita neman halalinsu da safe ba su koma gida ba.

Sannan masu abin sun amsa da bakinsu. Gaskiya ne Usama bin Ladan ya fara musantawa, amma a bidiyon Oktoba 2004 ya ce shi ya ba da umarni. Na fi ba wata shaidar nauyi: a 2002 'yan Alƙa'ida biyu, Khalid Sheikh Muhammad da Ramzi bin al-Shibh, sun gayyaci ɗan jaridar Aljazeera Yusri Fouda zuwa maɓoyarsu a Karachi, suka zayyana masa yadda suka tsara harin. A lokacin suna da 'yancinsu, ba a kama su ba. Wannan yana da muhimmanci, domin bayan an kama Khalid a Rawalpindi a Maris 2003 CIA ta azabtar da shi, kuma ni ba na karɓar abin da mutum ya faɗa ana shaƙe shi da ruwa a matsayin hujja. Kada kuma a manta cewa wannan ƙungiyar ce ta tayar da bama-bamai a ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam a 1998, mutum 224 suka mutu, mafi yawansu 'yan Afirka 'yan'uwanmu.

Inda abokanka ke da gaskiya, kuma ya kamata su riƙe da ƙarfi, shi ne sakaci da rufa-rufa da cin moriyar jinin mutane. CIA ta san biyu daga cikin maharan, Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, 'yan Alƙa'ida ne tun taron da suka halarta a Kuala Lumpur a Janairu 2000, ta san ɗaya yana da bizar Amurka, daga baya ta sami labarin ɗayan ya shiga ƙasar, amma ba a sa sunansu cikin jerin waɗanda ake nema ba sai ƙarshen Agusta 2001. Suna zaune a San Diego da sunayensu na gaskiya. A Yuli 2001 wani jami'in FBI a Phoenix ya rubuta gargaɗi kan masu tsattsauran ra'ayi da ke koyon tuƙin jirgi, aka ajiye takardar. Ranar 6 ga Agusta aka kai wa Shugaba Bush rahoto mai taken cewa Bin Ladan ya ƙuduri aniyar kai hari cikin Amurka. Bayan abin ya faru, gwamnatin Bush ta yi ta jan ƙafa kafin ta yarda a kafa kwamitin bincike mai zaman kansa, CIA ta lalata faifan bidiyon tambayoyin da ta yi wa fursunoni a 2005, shugabannin kwamitin biyu, Thomas Kean da Lee Hamilton, suka rubuta a fili cewa an yi wa aikinsu zagon ƙasa. Mafi muni shi ne Iraki. An yi amfani da tsoron da harin ya jefa a zukatan Amurkawa aka mamaye ƙasar a 2003 da sunan makaman ƙare dangi, ba a sami makaman ba, kwamitin binciken ma ya ce bai ga haɗin gwiwar aiki tsakanin Saddam da Alƙa'ida ba. Dubban ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Wannan ya isa laifi, kuma yana da takardu da sunaye da ranaku. Abin da ke damuna da zancen nakiya shi ne yana ba masu wannan laifin mafita: da zarar an karya hujjar ƙarfe, sai a haɗa har tuhumar gaskiya a watsar.

Mu ma mun ɗanɗana wannan. Da aka sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilu 2014, wasu sun ce gwamnati ce, wasu sun ce 'yan adawa ne suka shirya wasan kwaikwayo, har Shekau ya fito a bidiyo ya ce suna hannunsa. Ana wannan cacar baki, tambayar da ƙungiyar Amnesty ta tayar, cewa an sanar da sojoji fiye da awa huɗu kafin harin, wanda rundunar ta musanta, ba ta sami kulawar da ta kamace ta ba, iyaye kuwa suna kuka.

In gardama ta sake tashi, ka roƙi kowa ya fayyace abin da yake tuhuma: gwamnati ta yi sakaci ne, ko ta ɓoye sakacinta, ko ta ci moriyar harin, ko ita ta kai shi da hannunta? Ukun farko sun tabbata a kan Amurka, na huɗun bai tabbata ba. Sannan ka tambayi mai magana wace shaida ce in ya gani zai canja ra'ayi. In ya ce babu, to ba bincike yake yi ba, ka kyale shi cikin mutunci. In kuma suna son tambayoyin da har yanzu suke buɗe, akwai su. Shafuka 28 na rahoton majalisar dokokin Amurka da aka ɓoye har zuwa 2016 sun yi magana kan taimakon da wasu 'yan Saudiyya, irin su Umar al-Bayumi, suka ba maharan nan biyu na San Diego. Saudiyya ta musanta hannu a ciki, iyalan mamatan kuwa sun kai ta kotu bisa wata doka da majalisa ta zartar a 2016 duk da ƙin amincewar Shugaba Obama. Shi kuma Khalid Sheikh Muhammad ya haura shekara 20 a tsare, mafi yawansu a Guantanamo, ba a yanke masa hukunci ba, kuma azabtarwar da aka yi masa na cikin manyan dalilan da suka dagula shari'ar.