Ma'anar "wasiƙar hukuma" da asalin kalmar

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An kawo wa ɗana takardar ɗaukar aiki mai tambarin gwamnati da hatimi, aka ce wasiƙar hukuma ce, amma sai mun biya kuɗi kafin ya kama aiki. Hankalina bai kwanta ba. Me kalmar take nufi, kuma me ke sa takarda ta zama ta hukuma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wasiƙa aro ce daga Larabci, "wathiƙa", wato rubutun da ake dogara da shi a matsayin hujja. Tushenta ɗaya da "thiƙa", lakabin da malaman hadisi ke ba amintaccen mai ruwaya, kuma "th" ya koma "s" a bakin Bahaushe kamar yadda ya faru a Usman da hadisi. Daga baya ne ma'anar ta faɗaɗa har ta ɗauki saƙon gaisuwa tsakanin 'yan'uwa. Bayan jihadin 1804, Wazirin Sakkwato ne ke kula da wasiƙun da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna, ana rubuta su da Larabci, a buga hatimi, a danƙa wa manzon da aka sani.

Abin da ke damuna, wanda kullum nake cin karo da shi, shi ne yadda mutane suka riƙe hatimin suka manta da manzon. Da zarar sun ga tambari a saman takarda da shuɗin tawada a ƙasa, sai su sallama, alhali duk mai kwamfuta da na'urar buga takardu zai haɗa irin wannan cikin minti kaɗan, har da sa hannun babban sakatare. Na ga magidanta sun sayar da gona saboda takardar da ba ta taɓa shiga wani ofis ba, kuma masu wannan damfara sun san cewa kunyar yin tambaya ce ke rufe bakin mutane.

Wasiƙar hukuma tana da lambar fayil, da kwanan wata, da suna da muƙamin wanda ya sa hannu, sannan akwai kwafinta a rajistar ofishin da ta fito. Ka ɗauki takardar da kanka zuwa ofishin da aka ambata, kada ka kira lambar wayar da ke jikinta, ka nemi ma'aikatan rajista su nuna maka wannan lambar a littafinsu. Kafin nan kada ka biya ko sisi, domin aikin gwamnati ba a sayar da shi a doka.