An janye sassaucin makin jarrabawar ƙarin girma: kotu za ta dawo mini da shi?

Tambaya: Ustaz, barka da aiki. Ni arif ne, wato kofur, a aikin ɗan sanda a Sudan, asalina Mai Wurno. An sassauta wa waɗanda suka daɗe a muƙami ɗaya makin cin jarrabawar raƙib, wato saje, daga 50 zuwa 40. Na zauna, na sami 44. Kafin sunaye su fito sai ga takarda daga sama wai an janye sassaucin, kowa sai ya kawo 50. Ba wanda ya kira mu ya ji ta bakinmu. Abokaina sun ce wannan kaɗai ya isa kotu ta rushe hukuncin. Haka ne?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Zan amsa a kan yadda ka ba da labari, amma ka sani layi ɗaya a cikin takardun nan biyu, ta sassaucin da ta janyewar, na iya juya maganar gaba ɗaya.

Abokanka rabin magana suka faɗa. Ƙa'idar da suke nufi gaskiya ce: ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Da ita Annabi (SAW) ya hori Sayyidina Ali lokacin da ya aike shi alƙalanci Yaman, cewa kada ya yanke sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko. A Ingila ma, a 1963, kotun ƙoli ta wancan zamani ta rushe korar shugaban 'yan sandan Brighton, Ridge, saboda an sallame shi ba tare da an gaya masa tuhumar ba, balle a ba shi damar kare kansa. Sai dai ka lura, mutum ɗaya ne a can, ana zarginsa da laifi, aka raba shi da aikinsa. Kai ba a zarge ka da komai ba. An canza ƙa'ida ce da ta hau kan duk wanda ke sahunka, kuma galibi doka ba ta tilasta wa hukuma ta bi arif-arif ɗaya bayan ɗaya tana neman ra'ayinsu kafin ta gyara tsarinta.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar sassauci a matsayin haƙƙi na dindindin. Rangwame ne, kuma mai ikon bayarwa yawanci yana da ikon janyewa. A Indiya an sha wannan rigimar: a 1996 Kotun Ƙoli ta ce sassauta maki wajen ƙarin girma ga al'ummomin da ake ware wa gurabe bai halatta ba, gwamnati ta janye shi a 1997, bai dawo ba sai da aka yi wa tsarin mulki gyara a 2000. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalin Sudan ba, na kawo su ne don ka ga inda ƙafar hujjar abokanka ke zamewa.

Inda nake ganin kana da abin riƙewa shi ne kwanan wata. Da an riga an ɗaura maka igiyar raƙib, albashi ya fara shiga, sannan aka zo ƙwacewa, da haƙƙinka ya tabbata, kuma da wuya a taɓa shi ba tare da an saurare ka ba. Da kuma an janye sassaucin kafin ranar jarrabawa, da sai in ce ka koma ka buɗe littafi. Kai kana tsakiya: ka zauna a kan sharaɗin da aka sanar, aka canza mudu bayan an gama awo. Asali a dokar gudanarwa shi ne hukuncin hukuma yana aiki ne daga ranar fitarsa zuwa gaba, ba ya komawa baya, kuma wannan hujja ta fi ta "ba a ji ta bakinmu ba" ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk da haka kada ka saki jiki. Lauyan gwamnati zai ce 44 fata ta ba ka, ba muƙami ba, tunda ƙarin girma na rataye da gurbi, daɗewa a aiki da tsabtar fayil. Idan kuma ya nuna cewa wanda ya sa hannu a sassaucin tun farko ba shi da hurumin haka a ƙarƙashin Dokar 'Yan Sanda ta 2008 da ƙa'idojinta, to janyewar ta zama gyaran kuskure, maganarka ta yi rauni ƙwarai.

Saboda haka ka nemo takardun biyu ka duba wa ya sa hannu a kowace, da wace rana, da ko ta biyun ta faɗa ƙarara cewa ta haɗa da jarrabawar da aka riga aka yi. Ka kuma bincika a natse ko akwai wanda kuka zauna tare, makinsa bai kai 50 ba, amma aka ƙara masa girma. In akwai, magana ta canza, domin ta zama ta fifita wani a kan wani.

Hanyar kotu sananniya ce. Dokar Shari'ar Gudanarwa ta 2005 ta ba da kwana 60 na shigar da ƙara daga ranar da aka wallafa hukuncin ko aka sanar da kai, kuma sai ka fara shigar da tazallumi, wato takardar koke, ga hukumar da doka ta tanada. Shirun hukumar na kwana 30 ana ɗaukarsa an ƙi. Dalilan da alƙali ke dubawa huɗu ne: rashin hurumi, aibi a tsarin fitar da hukuncin, saɓa wa doka, da amfani da iko ba bisa manufarsa ba. "An zalunce ni" ba ta cikinsu sai an zuba ta a ɗaya daga ciki. Aikin damara kuma yana da nasa matakan koke na cikin gida, don haka lauyan da zai riƙe maka maganar ya fara tantance su kafin ya rubuta ko da harafi.

Ko ka yi nasara, abin da kotu ta saba yi shi ne soke hukuncin ta mayar wa hukumar ta sake dubawa. Ba alƙali ne zai ɗaura maka igiya ba, kuma duk tsawon shari'ar kana ƙarƙashin mutanen da ka kai ƙara. Ba na cewa sun kyauta. Layi biyu da ke cewa sabon makin zai fara daga jarrabawa ta gaba da sun hana wannan ƙura tashi. To wannan layin biyun shi za ka roƙa a takardar kokenka, cikin ladabi, ba dawo da sassaucin har abada ba. In an ƙi, ka nemi a ba ku zama na gaba ba tare da an taɓa muku lissafin daɗewa ba. Hukuma ta fi saurin amincewa da abin da ba zai sa ta ce ta yi kuskure ba.

Ka rubuta da sunanka kai kaɗai, ta hannun shugabanka na kusa. Takardar taron dangi mai sa hannun mutum ashirin ana iya karanta ta a matsayin rashin ɗa'a, haka ma ɗora takardar ofis a Facebook. Ka tabbata an buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa ka ajiye a wuri biyu, domin tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ofisoshi da yawa sun yi ƙaura, fayiloli sun watse. Daga ranar da ke jikin hatimin nan za a fara ƙirga kwana 30 ɗin.