Ina so in haɗa jitar ƙarfe da hannuna: wane katako, wane kayan lantarki?

Tambaya: Ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ina kuma ɗan taɓa gurmi. Na ga bidiyon jitar nan da ake kwantarwa a cinya ana goga mata guntun ƙarfe, muryarta tana jan kuka kamar goge. Ina so in haɗa tawa. Wane katako ya dace, kuma me zan saya na lantarki? Wutarmu janareta ce da sola.

Amsa: Malam, aikin nan bai fi ƙarfinka ba, in dai ta cinya za ka yi. Ɗaya irin, mai tsayawa a kan ƙafafu da fedojin da ake takawa, sai an sami injin sassaƙa ƙarfe, ka bar ta tukuna. Ta cinya ba a danna tsirkiyarta da yatsa, don haka babu sassaƙar wuya. Falanki ne miƙaƙƙe da tsirkiya 6 a kai.

Kada ka zuba kuɗinka a katako. Ta farko mai lantarki da kamfanin Rickenbacker ya fitar a Amurka a 1932, jikinta ma alminiyam ne. Abu biyu ake nema: katako ya bushe sarai, kuma kada ya lanƙwashe, domin tsirkiyoyin suna jansa da ƙarfin da ya kai kilo 70 dare da rana. Maɗaci ya isa, iroko ma haka. Ƙirya tana da tauri amma za ta yi maka nauyi a cinya. Obeci ka guje shi, sukuru ba ya kama shi da kyau. Nemi tsawon santimita 80, faɗi 15, kauri 4 zuwa 5. Idan sabon yanka ka samo a 'Yan Katako na Na'ibawa, ajiye shi a inuwa hunturu ya wuce a kansa. Wanda aka haɗa da ɗanye, kafin bazara ya murɗe ko ya tsage, kullum kana ɗaure tsirkiya tana saki.

Jakuna biyu za ka sa, wato abin da tsirkiya ke hawa a kai, na kai da na gindi, na tagulla ko alminiyam mai kusurwa, a ɗaure da sukuru tsam. Tsakaninsu milimita 572. Samansu ya zama a shafe, ba gantsarwa, don ƙarfen gogawa ya taɓa dukkan tsirkiyoyi lokaci ɗaya. Idan ɗaya ta yi ƙasa, za ta riƙa zuza. Tsirkiya ta tashi kamar santimita 1 daga falanki. Layukan murya zana su kawai ake yi: daga jakin kai, na 1 a milimita 32, na 5 a 143, na 7 a 190, na 12 a 286, wato tsakiya cif.

Tsirkiya ta jitar lantarki za ka saya, mai kauri. Ta roba maganaɗisu ba ya jin ta sam, mai naɗin tagulla kuma muryarta ba ta fita daidai.

Inda kuɗinka ya kamata ya tafi shi ne fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, mai ɗaukar motsin tsirkiya. Mai naɗi ɗaya muryarsa ta fi kaifi, amma yana kwasar gurnanin wuta, kuma a gidan da janareta ko inbata ke aiki abin yana da yawa. Mai naɗi biyu, hambaka, an tsara shi ne don naɗin biyu su kashe wannan gurnani. A halin da kake, shi muke ba ka shawara ba tare da wata-wata ba. A Sabon Gari za ka samu. Tafi da mita ka gwada kafin ka biya: a ma'aunin ohm, mai naɗi ɗaya yakan nuna wajen 6k, wato dubu shida, hambaka 8k ko sama. Idan mita ba ta motsa ba, wayar ciki ta tsinke. Duba kuma kawunan maganaɗisun su zama tsayi ɗaya, sannan ka auna tazararsu, da ita za ka yanka gurbin tsirkiya a jakin gindi. Ka dasa fikof ɗin santimita 4 zuwa 5 daga jakin gindi, tsakaninsa da tsirkiya milimita 3 zuwa 4. Ya matso fiye da haka, maganaɗisu ya riƙe tsirkiya, murya ta mutu da wuri.

Maɓallin ƙara murya 500k ne na hambaka, 250k na mai naɗi ɗaya. Na sauya launin murya ba dole ba ne. In kana so, haɗa shi da kafasita, wani ɗan ƙaramin kayan rediyo, mai lamba 0.022. Soket ɗin da ake cusa wayar amfilifaya na milimita 6.35 ne. Ramin da wayoyi za su zauna ka shimfiɗe shi da takardar alminiyam, ta taɓa bayan maɓalli. Sai wayar da masu koyo suka fi mantawa: guntuwa daga bayan maɓalli zuwa ƙarƙashin jakin gindi. Gwajinta mai sauƙi ne. Kunna amfilifaya, ɗora hannu a tsirkiya. Gurnani ya ragu, aiki ya yi. Bai canza ba, wayar ba ta taɓa jaki. Ya ƙaru, wayoyin soket a juye suke, sai ka sauya su. Idan hannunka bai saba liƙi da dalma ba, mai gyaran rediyo zai gama maka a zama ɗaya.

Ƙarfen gogawa ya zama mai santsi da nauyi, tsawon santimita 7 zuwa 8, kauri kamar 2. Doguwar sokat ɗin da bakanike ke kwance noti da ita tana yi.

Magana ɗaya da ba ma so ka ɗauka da wasa: tunda tsirkiya tana haɗe da jikin amfilifaya, idan ya sami matsala kuma gidan babu wayar ƙasa, wutar a hannunka za ta sauka. Ko dai ka yi amfani da amfilifaya mai batir, ko mai aikin wuta ya kafa maka sandar ƙasa ya haɗa ta da soket ɗin bango da janareta kafin ka fara kiɗa.