Ma'anar "caustic" a jikin buhun sodar sabulu

Kina tambayar me "caustic" ke nufi a buhun sodar sabulu, kuma ko ɗaya take da sodar kek. Ba ɗaya ba ce. Kalmar daga Girkanci ta fito, tana nufin abin da ke ƙonawa, wato sinadarin da ke cin fata da nama. Har baƙar magana mai zafi Turawa kan kira da ita. Ta buhunki sodiyom haidroksaid ce, ta kek kuwa sodiyom baikabonet, wadda ba ta ƙona hannu.

In za a haɗa sabulu, sodar buhunki ake zubawa cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a zuba mata ruwa, don haɗuwarsu na tayar da zafin da zai sa ta fallatsa. Manja kilo 1 yana cin kimanin giram 140 na sodar. Ki jiƙa sodar a roba mai kauri, tukunyar alminiyom kam cinye ta take yi. Safar hannu da tabarau dole ne. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa minti 20. In yaro ya sha, galibi don an ajiye ta a gorar ruwa, kada a sa shi amai, a garzaya asibiti.