Me ya tara mutane a gindin Dutsen Kufena?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗalibar ABU Zariya ce, duk sanda muka bi ta Wusasa sai in hango Dutsen Kufena ga gidaje da gonaki sun zagaye shi, abin yana ban mamaki wallahi, dutse sulɓi ko ƙasar kirki babu a kansa, me mutane suka gani suka tare a nan? Daga wata mai karatu, Samaru.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ai wannan sulɓin da kika raina shi ne sirrin. Kufena dutsen giranit ne, wato narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ta rufe shi shekaru miliyoyi har ya fito fili. To irin wannan dutse ba ya shan ruwa, kuma Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, duk wanda ya sauka a kansa gangarowa yake yi ya kwaso ɓarɓashin dutse da ruɓaɓɓen ganye da kashin awaki ya jibge a gindi, shi ya sa za ki ga dawar da ke jikin dutsen ta yi shar alhali ta nesa ta fara lanƙwashe ganye in ruwa ya ɗan ɗauke. Ki lura da bishiyoyin da ke sama ma, duk a cikin tsagu suka kafa saiwa.

Sai tsaro. Zamanin hare-hare wanda ke da dutse a bayansa ya huta, daga sama ana hango ƙurar dawaki tun da nisa, har yau akwai ragowar tsohuwar ganuwa a wajen. Masu tarihin baka suna cewa sarautar Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena kafin birnin yanzu, a nan ake kawo sunan Bakwa Turunku da Sarauniya Amina.

Ita Wusasa labarinta daban ne, 'yan mishan ne suka koma can wajen 1929 suka gina coci da asibiti da makaranta, a nan Janar Gowon ya taso.

In za ki hau ki yi sammako kafin dutsen ya ɗau zafi, kuma don Allah banda silifas, balle in an kwana ana ruwa.