Kafin ka haɗa tirelolinka da na ɗan baffanka, ka nemi lissafin bashinsa

Wani ɗan kasuwa daga Kawo ya rubuto cewa yana da tirela huɗu da ke ɗaukar masara daga Saminaka zuwa Legas, ɗan baffansa kuma yana da bakwai, har ya kawo masa shawarar su haɗe su zama kamfani ɗaya. Tambayarsa ita ce ko nan da shekara biyar za su kai mota hamsin.

Malam, ka ajiye maganar mota hamsin tukuna. A cikin wasiƙarka ka ƙirga motocinsa, ka yaba garejinsa, amma ko sau ɗaya ba ka ambaci bashin da ke kansa ba, kuma ina kyautata zaton kunya ce ta hana ka tambaya domin ɗan'uwa ne. Wanda ya haɗa dukiya da wani ya haɗa har da masu binsa bashi.

A shekarar 1968 manyan kamfanonin jirgin ƙasa biyu na Amurka, Pennsylvania Railroad da New York Central, suka haɗe suka zama Penn Central. Hukuma ta gindaya musu sharaɗin ɗaukar wani kamfanin yanki mai suna New Haven, wanda ya karye tun 1961, suka kuwa ɗauke shi da asararsa. Bayan haɗewar sai aka ga kwamfutocinsu ba sa jituwa, shugabannin ɓangarorin biyu ba sa ga-maciji, taragai cike da kayan mutane suna ɓata a tashoshi ba a san inda suke ba. A watan Yunin 1970 kamfanin ya durƙushe, karyewa mafi girma da Amurka ta gani har zuwa lokacin, kuma a 1976 gwamnati ta tattara layukansa cikin wani sabon kamfanin jirgin ƙasa mai suna Conrail. Haɗewar da aka yi a nan gida a 1912, tsakanin dogon Legas da na Baro zuwa Kano, ta ɗore ne saboda faɗin dogon ɗaya ne, kuma dukkansu na gwamnatin mulkin mallaka ne. Kai da ɗan baffanka ba baitulmali ɗaya gare ku ba.

Na taɓa zama sulhu tsakanin wa da ƙane a Kakuri da suka yi irin wannan haɗakar da baki kawai. Sai da banki ya zo kwashe motoci ƙanen ya san cewa rabin na wansa a jingine suke, alhali ribar ƙanen ce ke biyan bashin duk wata.

Saboda haka ka sa akanta wanda ba danginku ba ya duba takardun asali na kowace mota, da bashin gidan mai, da na makanikai, da albashin direbobin da aka riƙe. Idan uku daga cikin bakwai ɗin nan na banki ne, to huɗu gare shi kamar kai, kuma bai kamata kasonsa ya fi naka ba. Idan ya ji haushin tambayar, ku tsaya ga raba lodi na shekara guda, kowa da motocinsa da littafinsa, kada ka sa hannu a rajistar kamfani sai lauyanka ya rubuta yadda za a rabu in an saɓa.