Zan iya ƙara wa janareta oksijin don hayaƙi ya ragu?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da shagon cajin waya a Jega, janareta na cinye mani riba ga hayaƙi har maƙwabta sun fara ƙorafi. Na ga bidiyo a Facebook wai akwai matatar da ke tace oksijin daga iska a ba inji, wuta ta ci sosai hayaƙi ya ragu. Zan iya haɗawa?

AMSA: Ɗan'uwa abin akwai shi, amma ba na janaretarka ba ne. Iskar nan da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kashi 78 naitirojin ne, shi kuwa ɗan rakiya ne, ba ya ci, zafi kawai yake kwasa ya fice ta salansa. Matatar wasu siraran zaruruwan roba ne masu rami a tsakiya, a tura iska da ƙarfi, oksijin ya riga naitirojin ratsa bangon, sai a samu iska mai oksijin kamar kashi 30 zuwa 40. Akwai ta tangaran mai ba da kusan zalla amma sai ta ɗau zafin digiri 800 zuwa 900.

Manyan tashoshin lantarki ke sonta. In aka ƙona kwal da oksijin zalla hayaƙin kusan duk iskar kabon (carbon dioxide) ce da tururi, a sanyaya tururin ya koma ruwa, kabon ɗin a kama shi a tura ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin lantarki na Vattenfall ya gwada haka a Jamus a 2008, su ma ba da matata ba, iska suka sanyaya har ta zama ruwa suka ware oksijin, aikin da ke shan wuta ba kaɗan ba, shi ya sa ake ta fafutukar matatar. Kuma dole su riƙa mai da wani ɓangaren hayaƙin cikin tukunyar da ake ƙona kwal ɗin don zafin kar ya yi yawa.

To kai wa zai yi maka wannan a shago? Je ka tsaya gun mai walda ka ga yadda harshen wuta ke komawa shuɗi ya yanka ƙarfe da ya buɗe oksijin, haka za ka gasa fistin ɗinka, ga shi oksijin mai yawa in ya haɗu da baƙin mai yana iya tayar da gobara. Wallahi kar ka gwada.

Ka wanke soson iska, ƙurar Jega ba wasa ba ce, ka canza fulogi da baƙin mai, makanike ya saita kafireto. Janaretar kuma a waje, nesa da taga, don gubar da ke kisa a hayaƙin ba ta da wari. In ka samu hali ka fara da faranti ɗaya na sola da batir, cajin waya ba ya shan wuta sosai.